Ɗalibin da ke gyangyaɗi a aji, ku tambaye shi inda ya kwana

Ni surbeyan ne a wata kwaleji ta gwamnati a nan yankin Ƙonni da Malbaza. Wani yaro ɗan aji 6e da ya kuɓuce mana shi ya sa nake wannan rubutu, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Daga wani ƙauye na kwarin Maggiya ya zo, inda babu kwaleji. Ranar rajista kawunsa ya kawo shi da buhun hatsi, aka tambayi sunan mai masauki, ya faɗi sunan wani ɗan garinsu mai fataucin albasa, aka rubuta, aka wuce. Oktoba da Nuwamba yaron ras yake, littattafansa tsaf, lissafi kuwa ba a magana. Da hunturu ya shigo sai makara ta fara, sai gyangyaɗi tun darasin farko. Riga ɗaya daga Litinin har Juma'a, tana warin albasa, 'yan ajin suna toshe hanci suna dariya. Wani malami ya sa shi durƙuso a bakin ƙofa, wani ya kore shi daga aji, wani ya rubuta masa “malalaci” a takardar sakamako. Sunansa ya cika littafin masu makara. A cikin manya duka da suka hukunta shi, ba wanda ya ce masa: yaro, ina ka kwana jiya?

Wani mai shayi ne ya tona asirin. Ya shigo makaranta da sassafe, ko tukunyarsa bai sauke ba, ya ce mini: “Mushe, akwai ɗanku da ke kwana ƙarƙashin teburina. Tun jiya jikinsa zafi rau, tarin nan bai yi mini ba.” Na bi shi. Yaron na kwance kan buhun siminti da aka farke, ya yi matashi da jakar littattafansa. Ashe mai masaukin ya bi motar albasa zuwa Gana tun farkon Disamba, matarsa ta tafi gidan iyayenta haihuwa, ta rufe gida, ta ce masa ya nemi wuri kafin su dawo. Hatsin ya ƙare. Da dare yana zuwa inda ake lodin albasa, ya tsince ruɓaɓɓiyar albasa, ya riƙe wa masu ɗinkin buhu tocila, a ba shi dala ashirin ko talatin ya sayi abin kai wa baki. A aljihunsa muka tarar da tramol. Wani mai tallar magani a kan tire ne ya sayar masa, wai don kada barci ya ɗauke shi wurin aiki. Yaro ɗan shekara goma sha uku! Irin waɗannan mutanen da ke yawo da ƙwaya tsakanin tasha da ƙofar makarantu, ban san da wane ido za su dubi Allah ba.

Likita ya ce ciwon haƙarƙari ne, sanyi ya shige shi. Da ya ɗan farfaɗo na tambaye shi me ya hana shi faɗa mana. Ya ce: “Mushe, in na faɗa, Baba zai ce in koma gida.” Abin da ya guda kuwa shi ya faru. Wata dattijuwa daga cikin ƙungiyar iyaye mata ta makaranta, AME, ta ce za ta riƙe shi tare da jikokinta, amma kawun da ya zo ya ce: “Mushe, na gode, amma bokon da zai kashe yaro a bar shi.” Na roƙe shi, dattijuwar ta roƙe shi, ya ɗora yaron a kabu-kabu suka tafi. Bai zauna jarrabawar rabin shekara ba.

Sunan mai masauki a rajista ba masauki ba ne. Yaron da ba shi da makwanci ba zai zo ya faɗa da bakinsa ba, kunya da tsoro ba za su bar shi ba. Neman sa aikinmu ne.

Abokan aikina, daga Bazaga da Tsarnawa zuwa Dogarawa, daga Illela zuwa Badagishiri da Tajaye, duk mun san yaran nan. Su ne waɗanda suka gama CM2 a ƙauye aka turo su gari. Wanda kan riga kowa zuwa tun kafin mai gadi ya buɗe ƙofa, ya kuma ƙi tafiya bayan an tashi. Wanda ke wanka a famfon makaranta. Wanda ba ya taɓa kawo aikin gida, don ba shi da fitila, ba shi da ma gidan. Wanda in an ce ya zo da mai masaukinsa sai ya yi kwana da kwanaki bai dawo ba. Kuma don Allah a daina wannan hukuncin na “kada ka dawo sai da mai masaukinka” kafin a bincika ko akwai shi. Da wannan maganar kaɗai mun kori yaran da ba mu san yawansu ba.

Wani zai ce ai yaron na gidan dangi, yana da rufin asiri. A Amurka akwai doka tun 1987 kan marasa matsuguni, wadda daga baya ta wajabta wa kowace hukumar makarantu ta ware mutum guda da aikinsa shi ne gano irin waɗannan ɗalibai, kuma yaron da ke raɓe a gidan wasu saboda rashi yana cikin lissafin. Mu nan ba mu jiran wata doka daga waje. Muna da kwamitin kula da makaranta, muna da AME, muna da limamai da masu unguwa. Mutum ɗaya a kowace kwaleji da zai riƙe jerin yaran ƙauye, ya taka da ƙafarsa ya ga ɗakin da kowa ke kwana, ya ishe mu farawa. Ba kuɗi yake ci ba.

Iyaye, ku ma da ku nake. Buhu ɗaya a watan Oktoba ba ya kai yaro Yuni. Mutum ya ajiye ɗansa a gidan wani, ya wuce ci-rani Abijan ko Libiya, ko lambar tarho bai bar wa makaranta ba. In mai masauki ya yi tafiya, wa zai sani? Ku riƙa zuwa, ko ranar kasuwa ce, ku leƙa ɗakin, ku duba kwanon. 'Ya mace kuwa lamarinta ya fi tsanani. Ita ba a tasha za ka same ta ba, tana cikin gida amma ta koma baiwa: daka, ɗiban ruwa, raino, tallan dare. In ta yi ƙorafi a nuna mata ƙofa. Gwamnati ta fitar da dikiri a Disamban 2017 don kare 'ya mace a makaranta, amma takarda ba ta shiga gidan mai masauki sai wani ya ɗauke ta ya kai.

Ga kuma waɗanda ruwa ya rushe wa gidaje. A 2024 sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba saboda ambaliya, azuzuwa da dama na cike da iyalan da suka rasa matsuguni. An fitar da su don a fara karatu, amma su wa suka bi sawun yaransu? Haka 'ya'yan 'yan gudun hijira da ɓarayin daji suka koro daga ƙasar Sakkwato. A karɓe su a aji tukuna, takardar haihuwa ta biyo baya.

Masu zuwa da motoci su ɗauki hoton yara su tafi, ba ma buƙatarku in ba bargo da hatsi da ɗaki kuka kawo ba.

Daraktoci da insifektoci, kafin sanyin bana ya kankama, a kira kowane ɗalibin da ya zo daga ƙauye, shi kaɗai, ba a gaban 'yan ajinsu ba. A tambaye shi inda yake kwana da wanda ke ba shi abinci, sannan a je a gani da ido. Malamin da ya ga yaro na gyangyaɗi, ya ajiye bulala ya fara da wannan tambayar.