Tabbacin Awo: Misali Daga Tsokar Allon Kafaɗa

Awo ba ya zama abin dogaro sai an maimaita shi an sami sakamako iri ɗaya. Wannan shi ne ake kira tabbacin awo, kuma a wannan darasi za mu dube shi ta fuskar aikin asibiti.

A ɗauka wani manomi ne daga Gwaram, wanda huɗar damina ta bar shi da ciwon kafaɗa, ya je Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Likitan gashi zai sa shi ya ɗaga hannu, shi kuma yana dannewa, sannan ya ba ƙarfin tsokar maki daga 0 zuwa 5, bisa ma'aunin da aka fitar a Ingila a 1943. A nan hannun likita shi ne ma'auni, saboda haka likitoci biyu kan saɓa, musamman tsakanin 4 da 5.

Masu bincike kuwa na'urar EMG suke amfani da ita, wadda ke ɗauko ɗan lantarkin da tsoka ke fitarwa idan ta motsa. Ana manna wasu 'yan maɓallai biyu a kan fata, milimita 20 a tsakaninsu. Sai dai allon kafaɗa ƙashi ne mai zamewa a bayan haƙarƙari. Da zarar an ɗaga hannu, tsokar ta gusa a ƙarƙashin fata, maɓallin kuma yana inda aka manna shi, har yakan ɗauko lantarkin tsokar da ke maƙwabtaka. Gumi da kitse su ma suna sauya sakamako. Shi ya sa awo biyu na rana ɗaya suka fi dacewa da juna a kan na ranaku dabam-dabam, domin da wuya a mayar da maɓalli daidai gurbinsa na jiya. Maganin da aka samo shi ne a fara auna iyakar ƙarfin mutum, sauran awon a lissafa shi kashi cikin ɗari na wannan. Amma mai ciwo ba ya yarda ya ba da iyakar ƙarfinsa.

Ɗalibi ya lura, malamin da ya duba insha'i ɗaya yau ya ba 14, gobe ya ba 9, matsalarsa ke nan.

Aikin yi:
1. Bayyana abubuwa uku da ke rage tabbacin awon tsokar allon kafaɗa.
2. Ku duba insha'i ɗaya ku biyu, kowa shi kaɗai, sannan ku gwama makinku.