Darasin Lissafi: Daga Kano Zuwa Jidda

Daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa na Jidda kusan kilomita 3,400 ne. Jirgin alhazai yana cin kamar kilomita 850 a awa ɗaya. In aka raba 3,400 da 850 za a sami 4. Awa huɗu ke nan, ban da lokacin tashi da sauka. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya sa jirage yin zagaye, tafiya ta ƙara tsawo.

Sai a lura, agogon Jidda yana gaban na Kano da awa biyu. Jirgin da ya tashi ƙarfe 8 na safe, ya yi awa biyar a sama, zai sauka ƙarfe 3 na yamma agogon Jidda. Maniyyacin da bai gyara agogonsa ba zai zaci ƙarfe 1 ne, alhali la'asar ta kusa.