Amsoshin Tambayoyinku: Su Wane ne Gidan Hauteville?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram yana tambaya: daga wane gida Sarki Roja na Biyu na Sisili ya fito? To Malam, ga amsa.

Asalinsa daga Nomandi ne, a arewacin Faransa. Kakansa Tankired ƙaramin basarake ne a ƙauyen Hauteville. Ya haifi 'ya'ya maza goma sha biyu, ban da mata, gadon kuwa bai isa a raba musu ba. Saboda haka da yawansu suka tafi kudancin Italiya suna yaƙi don a biya su.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Robert Guiscard, wanda Fafaroma ya naɗa shi sarautar Apuliya da Kalabiriya a 1059. Ƙaninsa Roja ya fara yaƙin karɓe Sisili daga hannun Musulmi a 1061, shi da Robert suka ci Palermo a 1072, aka kammala a 1091.

Ɗan Rojan nan, wato Roja na Biyu, ya zama sarki a 1130. Ya riƙe Larabci a fadarsa, ya kuma jawo malamai a jiki. A can ne ɗaya daga cikinsu, al-Idrisi, ya kammala taswirarsa ta duniya a 1154.

Mulkin gidan ya ƙare a 1194, lokacin da Sarkin Jamus Henry na Shida, mijin Constance 'yar Roja na Biyu, ya karɓi gadon sarauta.