Sydney Nicholson, Malamin Mawaƙa

A karanta: 1 Tarihi 25:1-8, 1 Korantiyawa 14:15.

Sa'anda Sarki Dawuda ya shirya hidimar Haikali, ya keɓe mawaƙa 288, dukansu horarru. Aya ta 8 ta nuna mana malami da almajiri tare aka jefa musu kuri'a. Ashe tun dā waƙar sujada aba ce da a ke koya. A wannan wata za mu duba labarin wani mutumin Ingila wanda ya ba da ransa ga wannan koyarwa.

An haifi Sydney Nicholson a Landan a 1875. Ubansa yana cikin waɗanda suka kafa jami'ar Sydney a Ostareliya. Yaron ya yi karatu a Oxford, ya koyi kiɗa a Landan da Jamus, ya gwanance ga ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututu da yawa wanda iska ke busawa. Ya yi aiki a manyan majami'un Carlisle da Manchester. A 1919 aka kira shi Westminster Abbey, inda a ke naɗa sarakunan Ingila. A zamaninsa ne aka binne Sojan da Ba a Sani Ba a 1920, aka kuma ɗaura auren ɗan sarki, Duke na York, a 1923.

Mai kiɗa ba ya neman matsayin da ya fi wannan. Amma zuciyar Nicholson ba ta kwanta ba, gama ya san abin da ke faruwa a ƙananan majami'u. A can mawaƙa suna da himma, sai dai ba mai koya musu. Suna jan waƙa har ta mutu, suna hadiye kalmomin Zabura, suna kuma ɗaukar waƙoƙin da suka fi ƙarfinsu. Wanda ya taɓa zama cikin irin wannan sujada ya san yadda hankali ke tashi daga Magana ya koma ga kuskuren mawaƙa.

Ran 6 ga Disamba 1927 ya tara mutane a wani ɗaki na Westminster, aka kafa makarantar kiɗan ekklesiyar Ingila. A 1928, yana da shekara 53, ya ajiye aikinsa na Westminster domin ya bi ta da dukan ƙarfinsa. Mu lura, ya bar abin da ya tabbata ya kama abin da ba wanda ya san ƙarshensa. A 1929 ya buɗe kwaleji a Chislehurst inda a ke horad da masu ogan da shugabannin mawaƙa. Kowace ƙungiyar mawaƙa kuwa tana iya shiga, a aiko mata da littattafai da malami mai ziyara. Shi kansa ya yi ta yawo, har Ostareliya. Koyarwarsa ba wuya: a zaɓi waƙar da a ke iyawa, a yi ta da kyau, a furta kalmomi yadda jama'a za su ji. Taken makarantar daga ayar nan ta Korantiyawa aka ɗauko shi, inda Bulus ya haɗa ruhu da fahimi cikin waƙa. A ganinmu a nan ƙarfin aikin ya ke, gama bai yarda himma ta tsaya a madadin koyo ba.

Kafin 1939 ƙungiyoyi fiye da 1,000 sun shiga. Sai yaƙi ya tashi, ɗalibai suka tafi soja, aka rufe kwalejin. Tsohon bai zauna ba, ya ci gaba da zagaya majami'u yana koya wa yara. A 1945 Sarki George na 6, wato Duke ɗin nan na auren 1923, ya ba makarantar suna Royal School of Church Music.

Nicholson ya rasu ran 30 ga Mayu 1947, aka binne shi a Westminster ɗin da ya bari. Muryar da ya tsara wa waƙar "Lift High the Cross" a 1916 har yanzu ana rera ta a ƙasashe da yawa. Makarantar kuwa tun 2006 a Salisbury ta ke.