MAN GOGE BAKI DA YAƘINSA DA ƘWAYOYIN CUTA

Mai karatu, ko ka taɓa tambayar kanka yadda man goge baki yake kashe ƙwayoyin cutar da ke sa dasashi kumburi da zubar jini? Ga bayani a taƙaice.

Kowace ƙwayar bakteriya tana lulluɓe da wani siririn tantani wanda akasarinsa maiƙo ne. Shi ne katangarta. Idan ya huje, abin da ke cikinta zai tsiyaye, ta mutu. A nan ne sinadaran da ake ƙara wa man goge baki suke kai farmaki.

1. Tiriklosan. Yana hana bakteriya ƙera maiƙon da take gina tantaninta da shi. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a cikin Colgate Total. A 2016 ta hana sa shi a sabulun wanke hannu, kuma a 2019 kamfanin ya cire shi daga man.

2. Kulohekzidin da CPC. Waɗannan suna manne wa tantanin bakteriya kamar yadda mayen ƙarfe ke jan allura, su wargaza maiƙonsa har ya yi yoyo. An fi samunsu a ruwan kurkure baki.

3. SLS. Shi ne ke kawo kumfa. Dangin sabulu ne, yana narkar da maiƙo kamar yadda sabulu ke wanke kwanon miya.

To, ina ruwanka da wannan? Ƙwayoyin halittar bakinka su ma tantanin maiƙo gare su. Nasu ma ba ƙarfe ba ne. Shi ya sa wasu ke jin raɗaɗi, ko fatar cikin baki ta riƙa saɓulewa, ko gyambon baki ya yi ta dawowa idan suna amfani da mai SLS. Kulohekzidin kuwa, in an daɗe ana amfani da shi, yana rina haƙora su yi ruwan ƙasa, ya kuma dusashe ɗanɗano.

ABIN DA ZA KA KIYAYE
• Goge haƙora sau 2 a rana, minti 2 kowane lokaci, da mai ɗauke da fulorayid.
• Tofar da kumfar, kada ka haɗiye.
• Yaro ɗan ƙasa da shekara 3, a shafa masa kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kwatankwacin ƙwayar wake.
• Idan likita ya rubuta maka kulohekzidin, bari minti 30 bayan goge baki kafin ka kurkure da shi, domin SLS na rage masa ƙarfi. Kada ka wuce kwanakin da aka ɗibar maka.
• Mai fama da gyambon baki ya nemi man da babu SLS a ciki.

Ka tuna, buroshi ko asuwaki ne ke kankare dattin haƙori. Sinadari taimako kawai yake yi. Idan gyambo ya wuce mako 2 bai warke ba, ko dasashinka na yawan jini, garzayo sashen haƙori a duba ka. Allah Ya ƙara mana lafiya.