Darasin Nahawu A Kan Turbar Kurmi

Ni ɗan Sunkani ne a jihar Taraba, kuma Hausa ba harshen uwata ba ce. A hutun da ya wuce na bi ta Bali zuwa Serti, na shiga Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Nijeriya.

Wani ma'aikacin gandun ya yi mana jagora a kan wata siririyar turba cikin kurmi. Mun yi ta hawa, gumi na zuba, har muka jiyo ƙarar ruwa yana faɗowa daga kan dutse. Na ce, "Ga magangaran ruwa!" Abokin karatuna Bakano ya fashe da dariya, ya ce, "Magangarar ruwa dai, malam."

Gaskiyarsa. A Hausarmu ta kasuwa ba mu cika damuwa da jinsi ba, amma wannan kuskuren ya sha cinye mini maki a jarrabawa.

Ga ƙa'idar: ana gina sunan wuri da ɗafa-goshin "ma-" a jikin aikatau. Gangara ta ba da magangara, sha ta ba da mashaya, haɗa ta ba da mahaɗa. Waɗannan sun ƙare da "a", jinsin mace ne, sai su ɗauki "-r". Amma masauki da mazauni sun ƙare da "i", shi ya sa ake cewa masaukin baƙi.

Kafin mu koma Serti na jera guda tara a littafina, har da mafakar da muka shiga da hadari ya taso.