Yarinyar Susa Mai Wasan Tanis

Yaran Rano da na Kibiya sun san langa da carabke da ƙwallon ƙafa. Amma akwai wani wasa wanda ba a cika ganinsa ba sai a manyan birane, sunansa tanis. A birnin Kano an daɗe ana yin gasarsa, har an sa wa wata gasa sunan Dala.

Ga yadda ake yinsa. Akan shata fili mai tsawon ƙafa 78, a ɗaura raga a tsakiya, tsayinta ƙafa 3. Mutum biyu su tsaya, wannan a nan, wancan a can. Kowa yana riƙe da abin bugu mai kama da faifai, sai dai yana da mariƙi, kuma an saƙe tsakiyarsa da tsirkiya. Su dinga buga wa juna ɗan ƙaramin ƙwallo ta bisa ragar. Wanda ya kasa mayarwa, ko ya buga waje, an ci shi.

A ƙasar Tunisiya, can hayin Sahara, aka haifi wata yarinya a shekarar 1994, ana ce da ita Ons Jabeur, watau Jabir da Larabci. Ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu. A garin Susa ta tashi, a bakin Bahar Rum. Uwarta tana son tanis, saboda haka ta fara tafiya da ita wurin wasa tun tana da shekara 3. Ƙungiyarsu ba ta da filin kanta, sai su roƙi aron na masaukin baƙi, nan malaminta yake koya mata.

Da ta kai shekara 12 aka kai ta makarantar 'yan wasa a Tunis, babban birnin ƙasar. Nisan ya fi na Rano zuwa Kano sau biyu. Ku duba ku gani, yarinya kamar 'yar aji shida ta rabu da ɗakin uwarta saboda abin da ta sa gaba.

A shekarar 2010 ta je Faransa, babbar gasar yara ta birnin Paris, inda ake wasa a kan jar ƙasa. Ta kai wasan ƙarshe, aka ci ta. Bayan wannan aka yi mata aiki a wuyan hannu, ta yi watanni ba ta wasa. Da shekara ta kewayo ta koma, a 2011, ta cinye gasar tana da shekara 16. Kafin ita babu wata yarinya Balarabiya da ta taɓa cin irin wannan gasa.

To, sai mutane suka zaci ai ta gama hawa dutse. Ashe gindinsa ta iso. Gasar yara dabam, ta manya dabam. Wadda ta mai da tanis sana'a ita ke biyan kuɗin jirgi da na masauki da ladan mai koya mata. In an ci ta tun ranar farko, abin da za a ba ta ba ya ko isa kuɗin hanya. Ga shi kuma yanzu da ƙarfafan mata take karawa, waɗanda suka girme ta, suka fi ta sanin makamar wasa. Haka Ons ta yi ta yawo ƙasa ƙasa, tana shiga ƙananan gasa inda 'yan kallo ba su da yawa, yau ta ci, gobe a ci ta, jibi ciwo ya kwantar da ita. Da yawa daga cikin yaran da suka yi suna a nan suke gajiya su bari. Shekara shida ta yi a haka, sai a 2017 sunanta ya shiga cikin mata ɗari da suka fi iya tanis a duniya.

Tana da wata dabara mai ban sha'awa. Sai ta ɗaga hannu kamar za ta buga da ƙarfi, abokiyar karawa ta ja da baya, ita kuwa ta ɗan taɓa ƙwallon ya faɗi dab da raga. Saboda fara'arta mutanen ƙasarta suka yi mata laƙabi da Ministar Farin Ciki.

A 2021 ta ci gasar manya a Birmingham ta Ingila, shekara goma cif bayan nasararta ta Paris. A 2022 ta zama ta biyu a duniya. Sau uku tana kaiwa wasan ƙarshe a gasa mafi girma: sau biyu a Wimbledon ta Landan, a 2022 da 2023, sau ɗaya a Amurka, a 2022. Duka ukun aka ci ta. A na 2023 ta tsaya a tsakiyar fili tana hawaye, dubban mutane suna yi mata tafi. A watan Yuli na 2025 ta ba da sanarwa za ta ajiye wasa na ɗan lokaci, don ta huta, jikinta ya warke.

Tambayoyi
1. A ina Ons ta koyi tanis sa'ad da take ƙarama?
2. Me ya sa gasar manya ta fi ta yara wuya?
3. Shekarunta nawa sa'ad da ta ci gasar Birmingham, a watan Yuni, in an haife ta a watan Agusta?